Uba ya taimaki ɗansa a bashin gida, sai an rubuta ne?

Kawu: Ni dai maganata ɗaya ce, uba ya ba ɗansa kuɗin kafin alƙalami na gida ko ya tsaya masa a banki, ba sai an kira lauya ba. Ɗanka ne fa, kai ka haife shi, takardar me kuma? Rubutu tsakanin uba da ɗa rashin yarda ne kawai.

Anti: Yaya wallahi ban yarda ba. Tsayawa a banki ba sa hannu kawai ba ne, ranar da yaron ya kasa biya banki kai zai nema, kuma bashin gida shekara 25 ne ko 30, mutum yana da 60 ya sa hannu kenan har ya kai 85 abin na wuyansa, idan kuma gidansa ya ba da jingina to gidan da yake kwana ciki ne cikin haɗari. Ni na ga wata ƙawata da ta tsaya wa ɗanta, wasiƙar banki ta iso hannunta na rawa ta kasa buɗewa, ɗan kuwa ba mugu ba ne aiki ya rasa.

Kawu: To ai ƙaddara ce wannan, takarda za ta hana a kori mutum daga aiki?

Anti: Ba za ta hana ba amma da ta san iyakar abin da ta ɗauka tun farko

Malam: Kawu a yi haƙuri zan sa baki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ba ta cire dangi ba. In kyauta ce kuma ga hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Maganar kuɗin ruwa ma tana nan, shi ya sa wasu ke bin murabaha, wato banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar da aka amince a kai, amma wannan zama ne na daban.

Auta: Yauwa Malam, nan ne abin ke ci min rai. Baba ya ba babban yaya kuɗi masu yawa ba a rubuta ko rance ne ko kyauta ba, gobe an zo rabon gado shi ya ce kyauta ce mu mu ce bashi ne, wanda zai raba gardamar kuma yana ƙasa. Zumunci ya lalace a kan abin da layi uku zai kashe.

Yaya Babba: Bari in ƙara abin da Kawu bai duba ba. A Amurka da Ingila banki da kansa ke neman iyaye su rubuta cewa kuɗin kyauta ne ba za a mayar ba, in kuka rubuta haka alhali a ɓoye rance ne to kun yi wa banki ƙarya, laifi ne. Ga haraji, a Ingila in mai kyautar ya rasu kafin shekara 7 ana iya lissafa ta cikin dukiyar da za a cire harajin gado, a Amurka kuma a 2025 kyautar da ta wuce dala 19,000 ga mutum ɗaya sai an cike fom an sanar da hukuma ko da ba za a biya komai ba. Sannan in auren yaron ya mutu akwai ƙasashen da kotu ke raba gidan da matar, kuɗin tsohon ya shiga rabon in ba takarda.

Kawu: Na rabon gado na ji, wannan ya shige ni. Amma har yanzu ni ba zan iya kallon idon ɗana in miƙa masa biro ba.

Anti: To Yaya ka kira ƙannensa su zauna ka faɗa a gabansu, Malam ya rubuta, kai sa hannu kawai za ka yi. Na tsayawa a banki kuma don Allah kada ka taɓa sai wani lauya da ba na bankin ba ya karanta maka.