Wace kalma za mu ba "hormone" a Hausa?

Masu fassara da ma'aikatan lafiya, ku matso mu yanke wannan. Duk lokacin da aka zo bayanin jinin al'ada ko tazarar haihuwa a rediyo, sai a ce "sinadari" a wuce. To ai gishiri ma sinadari ne, haka kanwa. Matar da ke sauraro ba ta ƙaru da komai ba.

Masanin aikin jiki ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ya fito da kalmar "hormone" a 1905, daga wani aikatau na Girkanci mai nufin ingizawa. Da wannan hujjar wani malami ya kawo "mazugi". Kalmar ta yi daɗi a baki, amma Malam, a gafarce ni, ba ta rufe aikin ba.

Ku dubi abin da ke faruwa a jikin mace kowane wata. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai ɗan ƙullutu, fitutari, bai wuce ƙwayar wake ba. Shi ke sako wani hormone mai suna FSH cikin jini, ya je ma'ajiyar ƙwai ya ce a fara renon ƙwai. Ma'ajiyar ta maido da nata hormone, istirojin, wanda ke sa bangon mahaifa ya yi kauri. Idan istirojin ya kai maƙura, sai fitutari ya kwararo wani hormone ɗin mai suna LH, cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi ƙwai ya fito. Daga nan furojestaron, wani hormone na ma'ajiyar ƙwai, ya karɓi ragama, ya riƙe bangon mahaifa kusan kwana 14. In ciki bai shiga ba ya sauka, bangon ya zube. Jinin al'ada ke nan.

Har nan "mazugi" na iya tsira. A wajen maganin tazara ne yake faɗuwa. Ƙwayar da aka amince da ita a Amurka a 1960, da allurar wata uku, da ashanar da ake sakawa a damtse, duka irin waɗannan sinadaran ne na haɗi. Ƙwayar da allurar ce wa ƙwaƙwalwa suke yi "ya isa haka", sai kwararar LH ta tsaya, ƙwai bai fito ba. Majinar bakin mahaifa kuma ta yi kauri, maniyyi ya rasa hanya. Wanda ya zo cewa a dakata ba a kiransa mai zuga.

Abin da ya haɗa su duka shi ne aike: a wuri ɗaya ake yinsu, jini ya ɗauke su, su isar da umarni a wani wurin. "Manzo" mun san inda muka ajiye ta, ba za mu taɓa ba. "Jakadiya" ta burge ni, sai dai namiji ma yana da nasa, testostaron. Ni dai na tsaya a kan "sinadarin aike", jam'i "sinadaran aike".

Gwada a bakin ungozoma: "Hajiya, allurar nan sinadarin aike ce, tana hana ƙwai fitowa wata uku, kuma tana iya sauya miki al'ada, ta riƙa ɗigo ko ta ɗauke." Ta zauna daram.

A takardun asibiti a bar "homon" kusa da ita, don likita da majiyyaciya su gane juna. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da suka saba da "ormon" ta Faransanci, ku faɗa mana ko ta shiga kunnenku.