Lardi ya ɗaga tutarsa ya bar daula: bore ne, tawaye ne, ko ɓallewa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina rubuta darasi a kan tarihin Brazil, ina neman Hausar abin da Turawa ke kira secession, wato yanki ya fice daga ƙasarsa. A 1831 Sarki Pedro na Ɗaya ya sauka, ya bar wa ɗansa mai shekara 5 gadon sarauta, masu riƙon ƙwarya suka riƙe daular daga Rio de Janeiro. Sai larduna suka fara tashi. Wanda ya fi daɗewa shi ne na Rio Grande do Sul, can ƙuryar kudu, daga 1835 zuwa 1845. Masu garken shanu ne suka jagorance shi. Arzikinsu busasshen nama ne mai gishiri da ake ciyar da bayi da shi a gonakin arewa, ga haraji ya yi musu nauyi, ga naman Uruguay da Ajantina yana shigowa da araha. Ran 20 ga Satumba 1835 mutanen jagoransu Bento Gonçalves suka kama Porto Alegre, babban birnin lardin. Wace kalma ce ta dace da wannan?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ai muna da 'yan aware, kullum a rediyo ake faɗa.

Malam Habu: Haka ne, Hajiya, amma sunan mutanen ke nan. Sunan aikin nake nema.

Ɗanjuma: Allah gafarta Malam, tawaye bai isa ba? Da shi muke kiran abin da Sarkin Haɗejiya Buhari ya yi wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

Malama Saude: Tawaye yana nuna an juya wa na sama baya, an daina biyayya, amma bai faɗi abin da ake nema ba. Kuma a tarihin nan na Malam abin da ake nema ya canza a tsakiya, shi ya sa nake ganin kalma ɗaya ba za ta ɗauke shi ba. A shekarar farko bukatarsu a cire musu gwamnan da aka naɗa daga Rio, a sassauta haraji, ba su ce sun bar sarki ba. Wannan bore ne: kana cikin gida kana ƙin zalunci. Sai ran 11 ga Satumba 1836, bayan nasarar da suka yi a Seival, kwamandansu Antônio de Sousa Neto ya shelanta jamhuriya, aka sa Piratini ta zama babban birni. Daga ranar nan ne abin ya zama ɓallewa. Ina son kalmar saboda tana nuna yanki ne ya rabu da jiki, jikin kuma yana nan. A 1839 ma sun tsallaka lardin Santa Catarina da ke maƙwabtaka da su tare da Garibaldi ɗan Italiya, suka kafa wata jamhuriyar a Laguna, wadda ba ta wuce 'yan watanni ba. Shawarata: tawayen ɓallewa.

Hajiya Rabi: Araba fa?

Malama Saude: A bar ta, Hajiya. Duk Bahaushen da ya ji araba, 1966 zai tuna. Ban da haka, tana nufin a raba ƙasar duka, su kuwa fita kawai suke so.

Ɗanjuma: To duk tashin da aka yi a shekarun nan da sunan za a kira su?

Malam Habu: A'a. Na Maranhão, 1838 zuwa 1841, na talakawa da makiyaya da bayin da suka gudu ne, bore zan ce. Na birnin Salvador a Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi da 'yantattu Musulmi ne suka yi shi, mafi yawansu Yarbawa, akwai Hausawa a ciki. 'Yanci suke nema, ba zan sa su layi ɗaya da masu garken shanun da su kansu suna da bayi ba. Baƙaƙen mayaƙan da 'yan kudun suka yi wa alkawarin 'yanci, an karkashe da yawansu a Porongos a Nuwamban 1844, kuma wannan dole ya shiga darasin. Mai wuya shi ne na Bahia a 1837, wanda likita Francisco Sabino ya jagoranta: sun ce sun fita, amma sai zuwa ranar da ƙaramin sarkin zai isa mulki.

Malama Saude: Ɓallewar wucin gadi ke nan, kalmar ta ɗauka.

Malam Habu: Madalla. Na tsaya a kan tawayen ɓallewa, masu yinsa kuma 'yan aware. Saura sunan yaƙin na Rio Grande do Sul. Da harshen Fotugal ana ce musu Farrapos, wato tsummoki, sunan raini da suka karɓa suka riƙe. Zan rubuta Yaƙin 'Yan Tsumma, in ƙara da cewa sulhun Ponche Verde na 1845 ya mayar da lardin cikin daula, aka yafe musu, hafsoshinsu suka shiga rundunar sarki da muƙamansu.