Ranar da dare da yini ke daidaita: shin kaka ta shigo ke nan?

Tambaya daga Kawo:
Salamu alaikum. An ce 22 ko 23 ga Satumba dare da yini ke daidaita, kaka kuma ta shigo. Haka abin yake a nan Kaduna?

Amsa daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Daidaituwar gaskiya ce. Ranar nan rana tana bi ta saman tsakiyar duniya daidai, ta fito gabas sak, ta faɗi yamma sak. Sai dai yini kan ɗara awa 12 da 'yan mintuna, don iska tana karkatar da hasken rana. Kakar da ake nufi ta Turai ce, lokacin zubar ganye. Tamu ta girbi sai damina ta ja baya, wajen Oktoba.

Amsa daga Rigasa:
Malam, gwada da kanka. Kafa sanda mai tsawon mita 1 a shimfiɗaɗɗen wuri, wajen ƙarfe 12:23 na rana. Inuwarta za ta nufi arewa, kusan santimita 18, domin Kaduna tana digiri 10.5 arewa da tsakiyar duniya. In sandar ta karkata ko kaɗan, awon ya lalace, ka daidaita ta da igiya mai dutse.

Amsa daga Kawo:
Hadarin Satumba fa? Shi ne matsalar.