An ƙi biyan diyyar ma'aikacin da ya rasu: ina ake ɗaukaka ƙara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ma'aikaci ya rasu a haɗarin mota yana komawa gida daga aiki, iyalansa sun nemi diyya a ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta Najeriya ta 2010, aka ce ba a bakin aiki ya rasu ba. Kai tsaye za su tafi kotu?

Lauya:
Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. A'a. Da farko sai su rubuta wa NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata, takardar neman sake duba hukuncin, cikin kwana 180 da yanke shi. Wa'adin nan idan ya wuce, damar ta tafi. In hukumar ta tsaya kan bakanta, sannan a tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Hujjar da aka ba su kuwa ba ta da ƙarfi. Sashe na 7 na dokar ya haɗa da haɗarin da ya auku tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci. Inda ake samun matsala shi ne in an nuna ya ratse hanya don wata sabga tasa. Shi ya sa rahoton 'yan sanda, da lokacin da ya sa hannu ya tashi aiki, da takardar asibiti mai bayyana sanadin mutuwa suka fi komai nauyi. Takardar da ta ce kawai zuciya ta tsaya ba ta danganta rasuwar da haɗarin ba, kuma a nan shari'u da yawa ke rushewa.

Ma'aikaciyar inshora:
Malam, a duba ranaku tun daga tushe. Ana sanar da mai kamfani cikin kwana 14, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara 1 da rasuwar. Da uzuri mai ƙarfi ana iya karɓa har shekara 3, amma sai an kawo shaidar uzurin. Sannan a tanadi shaidar aure da takardun haihuwar yara, domin da su ake lissafi: matar da aka bari da yara 2 ko fiye tana karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, mai yaro 1 kashi 85. Kuskure a takardar albashi yana rage kuɗin har tsawon shekaru, kuma shi ma ana iya neman a gyara.

Lauya:
Haka ne, Hajiya. In aka sha kaye a Kotun Ma'aikata, saura Kotun Ɗaukaka Ƙara, cikin wata 3, kuma galibi sai an nemi izininta tukuna. Hukuncinta ne na ƙarshe, ba a wucewa Kotun Ƙoli. Da wuya ta karɓi sabuwar shaida, don haka duk takardar da ke hannu a miƙa ta tun a kotun farko.