Waɗanda suka taɓa gangarowa daga tudun Jos a keke, yaya kuka dawo?

Ɗan Gangare

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya keke. Wata uku ke nan da na sayi keken tsere na gwanjo mai giya 14, kuma duk yawona bai wuce daga Terminus zuwa Bukur ba, wani lokaci in ɓullo ta Rayfield. Asabar ɗin da ta wuce zuciya ta raya mini in gwada hanyar Bauchi. Ana idar da sallar asuba na kama hanya. Daga Babale har Tilde da ƙyar na taka feda, keken ne ke tafiya da ni, ni kuwa ina ta jin kaina wani gwarzo. Ban tsaya ba sai Magama, na sha shayi da burodi, na juyo.

A dawowar ne na gane kurena. Duk gangarar da na ci da safe ta miƙe tsaye tana jirana. Ruwana ya ƙare, jijiyar cinya ta ɗaure, na sauka ina turawa. Wasu yara a bakin hanya har suna ce mini, "Baba, mai ne ya ƙare?" Sai bayan la'asar na shiga gida.

Don Allah duk wanda ya taɓa sauka daga tudun nan ya ba mu labarin yadda ya hawo. Sannan wace hanya ce ta dace da sabon shiga irina?

Na Tilde

Wa alaikumus salam. Sannu da wahala ɗan'uwa, amma ka ba ni dariya. Ni haifaffen Tilden Fulani ne, na yi shekara huɗu ina hawowa Jos koyon ɗinki a kan tsohon Phoenix na babana, wanda ko giya ɗaya ba shi da ita. Mu namu lissafin a juye yake: hawa da safe lokacin da jiki ke da ƙarfi, gangara da yamma lokacin da aka gaji. Ku mutanen Jos kuwa daɗin kuke fara sha.

Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200 daga teku, Bauchi kuma wajen mita 600, tsakaninsu kilomita 130 ko kusa da haka. Duk abin da ka sauka sai ka biya shi da ƙafarka. Akwai kuma maganar iska. Da hunturu daga gabas maso arewa take busowa, to a tafiya za ta tare ka, a dawowa ta tura ka. Da damina ta juya, ka haɗa hawa da iska a fuska. In ka kuma, ka juyo daga Tilde. Kada gangarar Panshanu da ke can gaba ta ja ka tukuna.

Usta Mai Faci

Ɗan Gangare, gode wa Allah hanyar Bauchi ka bi. A can ƙafa ce kawai ke shan wuya. Ni Hawan Kibo na fara gwadawa, kuma abin da ya kusa kashe ni ba hawan ba ne, saukar ce.

Mu uku muka tashi daga Bukur da niyyar zuwa ganin ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, wajen kilomita 60 da 'yan kai daga Jos. Har Riyom lafiya lau, mun tsaya mun ɗauki hoto a wajen dutsen nan da ke ɗore kan juna kamar an jera da hannu. Da muka zo bakin gangarar, sai na yi abin da nake hana masu kawo mini gyara: na damƙe birki biyu na riƙe, ban saki ba. Daga wannan kwanar hanya zuwa waccan, yatsuna sun sandare, ina jin ƙaurin roba amma na ɗauka na tirelar da ke gabana ne, don su ma birkinsu hayaƙi yake yi a wurin. Ashe nawa ne. Robar birki tana gugar ƙarfen wili har ya yi zafi, zafin ya kama tif ɗin da ke ciki. Sai ji na yi fau! tayar gaba ta fashe. Allah Ya sa na riga na rage gudu saboda wata mota da ta lalace an zuba ganye a bayanta. Na faɗi gefen hanya, na ƙuje gwiwa da kafaɗa, hular kwano ta tsage. Da na kai hannu kan wilin sai da na janye, kamar murfin tukunya.

Yadda nake yi yanzu: in matsa birki da ƙarfi kafin kwana, in saki, in bar shi ya sha iska, in sake matsawa. In gangarar ta yi tsawo in tsaya gaba ɗaya na minti biyar. Kuma ku sa ido a kan duwatsun da direbobi ke tare taya da su idan mota ta mace musu a hawa. Suna gyarawa su tafi su bar dutsen a tsakiyar kwalta, ga mai keken tsere kuwa wannan dutsen kabari ne.

Ka tambayi yadda muka dawo. A bayan akori-kura, mu da kekunanmu da buhunan gawayi. Ban ji kunya ba ko kaɗan.

Yaro Da Gudu

Usta, ai hawa ba ya ba ni wahala. In na ga tifa ko tirela tana jan ciki a hawa sai in kama ƙarfen bayanta da hannu ɗaya, ta kai ni har sama. Haka na hawo daga Jengre wancan watan, ko gumi ban yi ba.

Usta Mai Faci

Kai yaro, ka kiyaye ni. Direban bai san kana nan ba. Ranar da giya ta kuɓuce masa motar ta yo baya, ko ya kauce wa rami, ina za ka sa kanka? Na gyara keken da ya shiga ƙarƙashin tifa, mai shi bai zo karɓa ba, ƙaninsa ne ya zo. In ka gaji ka sauka ka tura kamar kowa.

Malam Mai Ritaya

'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ko da yake shekaruna 63 kuma gudu ya bar ni. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa kowa ke ɗokin sauka daga tudun, alhali daɗin keke a samansa yake. Ta ko'ina ka bar Filato gangara ce: ta Bauchi, ta Jengre zuwa Saminaka, ta Hawan Kibo. Amma in ka nufi kudu ka tsaya a sama, hawa ne gajere, gangara gajera, suna bin juna, ƙafa tana samun hutu.

Tawa hanyar ita ce daga Bukur in shiga Vom, in wuce ta gaban cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke nan tun 1924, in zagayo ta Kuru in fito Mararrabar Jama'a. Ranar da na ji ƙarfi sai in miƙe hanyar Heipang, in wuce filin jirgi, in taɓa Barikin Ladi in juyo. Gonakin dankalin turawa da kabeji hagu da dama, ga acca idan lokacinta ne, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ruwa kore shar kwance. Kada zafi ya sa wani ya ce zai yi wanka a ciki, zurfinsu ba na wasa ba ne kuma gefensu a tsaye yake.

Abu biyu ne suka taɓa kayar da ni a can. Na farko ƙaya, ranar da na saki kwalta na bi 'yar hanyar ƙauye tsakanin shingayen ƙerana, na yi faci uku kafin azahar. Na biyu ƙanƙara. A farkon damina hadari ya taso mini bayan Heipang, ba bishiya ba rumfa, aka yi ta jifata da ƙanƙara kamar tsakuwa. Wata baiwar Allah mai sayar da tumatir ce ta ja ni cikin 'yar bukkarta, ta hura mini wuta. Tun daga ranar, da damina ƙarfe 12 a gida take samuna, don ruwan Jos ya fi son yamma.

Maman Hanan

Baba Malam ya faɗi gaskiya. Ni da maigidana muke fita ranar Lahadi da sassafe, ta Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Ba ma hawa can sama, iyakarmu inda hanya mai kyau ta ƙare. Ɗan Gangare, ina zargin matsalarka irin tawa ce ta farko: sai hawan ya kama ni, ƙafa ta yi nauyi, sannan in tuna da canza giya. Sarƙa ta yi ƙara ta zame, in tsaya cak a tsakiyar tudu, tashi kuma ya gagara. Ka sauke giya tun kana ganin hawan daga nesa, ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi ko da tafiyar ta zama ta hawainiya. Kuma ka ci wani abu kafin yunwa ta zo. Ni dabino da ƙuli-ƙuli nake zubawa a jaka.

Masu tsayawa kallon mace a kan keke kuwa, sun gaji sun bari. Karnuka ne har yau ba su gaji ba.

Ɗan Fankshin

Ni na yi Jos zuwa Pankshin, wajen kilomita 120, amma a kwana biyu, na kwana wurin ɗan'uwana a Mangu. Daga Panyam zuwa gaba ne hanyar ke fara nuna hali, duwatsu su matso, hawan ya daɗe bai ƙare ba. A watan Janairu na yi, sanyin asuba ya sa yatsuna suka kasa matsa birki sai da na sa safar ƙafa a hannu.

Abin da zan ƙara bai shafi ƙafa ba. Kowa ya san yankin Barikin Ladi da Riyom da Mangu yakan yi lafiya yau gobe a wayi gari da tashin hankali. Kafin in fita sai na kira wani mazaunin can, ko in tambayi direbobi a tasha. Ina tafe da katin shaida, in na zo shingen jami'an tsaro in rage gudu, in cire tabarau, in yi gaisuwa. Ba na barin magariba ta same ni a hanya, ba na kuma tafiya ni kaɗai.

Ɗan Gangare

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na koma, na juyo daga Tilde kamar yadda Na Tilde ya ce, da gora biyu ta ruwa da dabinon Maman Hanan. Giyar ma na sauke ta da wuri. Sau ɗaya na sauka, kuma yaran nan suna wurin, sun gane ni. Usta, zan kawo maka keken ka duba mini robar birki, ta baya ta cinye har ƙarfe ya fara leƙowa.

Baba Malam, in za ku fita Vom Asabar mai zuwa, ku ba ni izini in biyo ku. Zan jira ku a Bukur ƙarfe 6 da rabi. Wanda zai zo ya taho da famfo, nawa tsotse iskar yake yi maimakon ya hura.