Ƙ da ɗ da ɓ suna komawa akwatuna, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Ina da ɗan shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, tsohuwar laftof ɗina kuma ba ta da TPM 2.0 (wani sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata) balle ta ɗauki Windows 11, sai ɗan yayana ya saka mini Linux Mint a madadin Windows. Wai kyauta ce. Na ce yaro, kyautar da ba ta da ƙura a bayanta ban taɓa gani ba.

Gaskiya dai ta yi sauri, fankarta ma ta daina kukan injin markaɗe.

Matsalar ita ce: in na buga wa ɗalibi aikinsa na Hausa a LibreOffice, manhajar rubutun da ke cikin laftof ɗin, komai daidai a wurina. Da ya buɗe a wata kwamfutar sai ƙ da ɗ su zama ƙananan akwatuna. Jiya wani ya dawo ransa a ɓace, "ƙasa" ta koma akwati da "asa", malaminsa ya ja jan biro har shafi uku.

PDF yana fita lafiya, amma su ɗaliban .docx, wato fayil ɗin Word, suke so don su yi gyara. Salon harafin zan canza? Wanne? Ɗan yayan nawa ya koma makaranta, wayarsa a kashe.