Mai zanen komik nawa yake samu ne?

Mai_fensir: Salam 'yan uwa, ƙanina ya iya zane sosai yana son fara komik, wai a Amurka ya ake raba kuɗin tsakanin mai zane da kamfani?

Yar_Katsina: Wslm. Manyan kamfanonin komik irin su Marvel da DC yawanci kuɗin shafi suke biya, jaruman duk na kamfani ne. Siegel da Shuster da suka ƙirƙiro Superman dala 130 kacal suka sayar da shi a 1938, abin tausayi wallahi

Baban_Ummi: Mai shagon komik ma yana ji a jikinsa fa, abin da ya yi oda in ya yi kwantai ba a karɓa a mayar, shi ya sa suke tsoron sabon hannu

Dan_Zariya: Ai a 1992 wasu masu zane suka bar Marvel suka kafa kamfanin Image, can aikinka naka ne. Ka ce masa kar ya sa hannu a takardar da bai karanta ba